Shekara 14 ana jira a Bafalo

Ranar da Abba ya dawo daga makaranta ya ce in saya masa riga mai hoton ɓauna da takubba biyu, ban san ɓacin rai zan sayo masa da kuɗina ba. Shekararsa shida a lokacin. Na shiga kanti na tarar an karya farashin wata mai lamba 9 da sunan Eichel a baya, na ɗauka ina murna na yi dace. Ba a yi wata guda ba aka sayar da mai sunan ga wata ƙungiya. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma ban taɓa ganin ta sa yaro kuka a kan darduma ba sai ranar.

Bari in fara da inda muke, don duk wadda na gaya wa ina jihar New York sai ta ɗauka ƙarƙashin dogayen benayen fim nake kwana. Tsakaninmu da wancan birni tafiyar fiye da awa shida ce a mota. Bafalo tana can ƙuryar yamma, a bakin Tafkin Erie, kogin Nayagara kaɗai ya raba mu da Kanada. Idan iska mai sanyi ta ratso saman tafkin kafin ya daskare, sai ta kwaso danshi ta zo ta juye mana dusar ƙanƙara, wani lokaci har ta binne mota. A guguwar Disambar 2022 mutum fiye da 40 suka rasu a yankin nan. Ni a asibiti ta rutsa da ni, kwana uku ban ga 'ya'yana ba, muna kwanciya bi da bi a ɗakin hutun ma'aikata.

Gari ne da ya taɓa yin tashe. A 1950 mutanensa sun kai 580,000, a ƙidayar 2020 kuwa 278,000 aka samu. Masana'antun ƙarfe sun rufe, jiragen ruwan hatsi sun sami wata hanya, aka bar manyan rumbunan siminti tsaye a bakin kogi. Yadda tsofaffin nan ke nuna su da yatsa yana tuna mini yadda kakata ke zancen dalar gyaɗa a Kano. Sai da na gane wannan sannan na gane abin da ya sa ba sa wasa da ƙungiyoyinsu na wasanni. Ta ƙwallon Amurka, Bills, ta je wasan ƙarshe sau huɗu a jere daga 1991 zuwa 1994, ta dawo hannu rabbana duka huɗun. Ta hoki kuwa, Sabres, an kafa ta a 1970 kuma har yau ba ta taɓa ɗaga kofin Stanley ba.

Ga wadda ba ta taɓa gani ba, hoki ana yin sa ne a kan ƙanƙara daskararriya, da takalmin da aka dasa wa ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa. Mutum shida-shida ne har da gola. Maimakon ƙwallo, wata 'yar baƙar roba ce mai tauri da faɗi kamar murfin kwalba babba, ana kora ta da sanda mai lanƙwasa. Zango uku ake yi na minti 20. Ana bangazar juna da bango, kuma doka ta yarda. Wanda ya wuce gona da iri a kulle shi minti biyu a wani ɗan akurkin gilashi, 'yan uwansa su ci gaba da mutum ɗaya a rage. Wata shida na farko ban ma iya ganin robar a talabijin ba, ihu kawai nake bi.

Zuwa 2025, ƙungiya 32 ce a gasar, kowace ta buga wasa 82, sai 16 su wuce zagayen neman kofi. Wato rabi ke wucewa. Zuwa 2025, rabon Sabres da shiga wannan rabin tun 2011. A Afrilun 2025 aka cika kaka 14 a jere, abin da wata ƙungiya ba ta taɓa yi ba a tarihin gasar. An haifi Abba a 2015. Har zuwa lokacin, yaron nan bai taɓa ganin ƙungiyarsa ta buga wasan neman kofi ko ɗaya ba, labarinsa kawai yake ji kamar tatsuniya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne babu faɗawa rukuni na ƙasa. Mahaifina ɗan Pillars ne na gidi, kuma na tuna muryarsa a waya a 2022 da suka faɗo, kamar an yi rasuwa. Amma ko ba komai wannan hukunci ne mai kan gado: ka yi sake, ka biya. A nan kuwa wanda ya zo na ƙarshe shi ke da babbar dama a ƙuri'ar zaɓen sababbin matasa. Saboda haka a kakar 2014 zuwa 2015, da aka ga wani yaro Connor McDavid zai fito, mutanen Bafalo suka koma fatan a ci su. A wani wasa da Arizona a watan Maris, a gidansu, sai da suka yi tafi da sowa da aka zura musu ta ƙarshe. Sun samu abin da suke so, suka zo na kashin baya. Aka buga ƙuri'a, Edmonton ta ci, ta ɗauke McDavid. Bafalo ta ɗauki Jack Eichel, mai rigar araharmu.

Rabuwarsa da ƙungiyar ma a kan abin da ya shafi aikina ne. Faifan da ke tsakanin ƙasusuwan wuyansa ya goce. Shi yana son a sa masa na wucin gadi, likitocin ƙungiya suna son a haɗe ƙasusuwan, don ba a taɓa yi wa ɗan wasan gasar irin wancan aikin ba. Ni dai a ganina wuyan mutum nasa ne, kuma na faɗi haka a ɗakin shan shayi har wata abokiyar aikina ta yi kwana biyu tana amsa mini gaisuwa da hanci. A Nuwambar 2021 aka tura shi Vegas, aka yi masa aikin da yake so, a 2023 ya ɗaga kofi. Kafin shi Ryan O'Reilly ya tafi St. Louis a 2018 ya ɗaga a 2019. Sam Reinhart ya tafi Florida a 2021, a 2024 shi ya ci ƙwallon da ta ba su kofin. Mu ke kiwo, wasu ke yanka.

Wanda ya fara fahimtar da ni zurfin ciwon wani dattijo ne da na yi jinya a aikin dare, tsohon ma'aikacin ƙarfe. Na shigo auna hawan jininsa na tarar yana kallon wasa, na ce sai ya kashe talabijin na minti biyar tukuna, don lambar da na gani ba ta jikinsa ba ce, ta Sabres ce. Ya yi dariya har da tari. Da ya ji ɗana ɗan ƙungiyar ne, sai ya ce in zauna. Ya ba ni labarin 1975, lokacin da suka kai wasan ƙarshe da Philadelphia a tsohon filin da babu na'urar sanyaya ɗaki, hazo ya rufe ƙanƙarar har 'yan wasa ba sa ganin juna, jemage ya shigo wani ɗan wasa ya buge shi da sanda. Sannan ya zo kan 1999, muryarsa ta canja. Wasa na shida da Dallas, a nan Bafalo, an shiga ƙarin lokaci na uku, dare ya raba. Brett Hull ya ci, alhali ƙafarsa na cikin da'irar gola, abin da aka yi ta soke ƙwallaye a kansa a kakar. Alƙalai suka ce ta ciwu. Shekara ashirin da ɗoriya, amma dattijon nan yana nuna mini wurin ƙafar da cokali a kan bargo. Da zan fita ya ce, "Ki gaya wa yaronki ina ba shi haƙuri."

To, ga wannan duka sai Allah ya haɗa mu da maƙwabta. Toronto tafiyar awa biyu ce daga nan, kuma a gefenta, a Mississauga, Yayana yake da iyalinsa. 'Ya'yansa uku duk 'yan Maple Leafs ne. Tikiti a Toronto tsada gare shi ƙwarai, don haka duk ranar da Leafs za su zo Bafalo sai mutanensu su yi ayari su tsallako gadar Peace Bridge su cika mana fili. Da yawa daga cikin kujerun ma 'yan Bafalo ne masu tikitin shekara suke sayar musu don su mayar da kuɗinsu. Maƙwabcinmu yana yi, ya ce da wasan Toronto biyu yake rage asarar sauran.

A hunturun da ya wuce Yaya ya kira ya ce ya saya mana tikiti har da ni da Abba. Na san ba alheri zalla ba ne. Suka iso da la'asar, motar duk tutoci masu shuɗi da fari. Na soya musu fukafukan kaza irin na garin, da yajin barkono da man shanu, sai dai na halal, na ƙara da yajin ƙuli don su san gidan wa suka zo. Muka shiga jirgin ƙasan cikin gari muka sauka bakin ruwa. A ƙofar filin akwai mutum-mutumin gwarazan 1970 da wani abu su uku, Perreault da Martin da Robert. Abba ya tsaya ya jero wa 'yan uwansa sunayensu kamar mai biya hadda, su kuwa suna tambayarsa kofi nawa suka ci.

Filin yana ɗaukar mutum 19,000 da 'yan kai, kuma wallahi da na duba sai na rasa wa ke gida wa ke baƙunta. A Bafalo ana rera taken Kanada da na Amurka kafin kowane wasa, ko da babu ƙungiyar Kanada, don girmama magoya bayan da ke tsallakowa. Daren nan kuwa na Kanada ya fi amo nesa ba kusa ba. Sanyi yana tasowa daga ƙasa ya shiga ƙafa, ga warin giya, ga ƙarar da robar ke yi idan ta daki gilashi har sai ka sunkuya. Iyaye mata, idan Allah ya kai ku, ku sa safa biyu, kuma ku shirya kunnen yaro zai kwashi kalmomin da za ku yi mako kuna wankewa.

Mu muka fara ci. Aka busa wani ƙaho kamar na jirgin ruwa, Abba ya haye kujera, ni ma sai ga ni tsaye ina ihu da mayafina a kafaɗa, matar da ta zo rakiya. Daga nan abin ya juya, kamar yadda ya saba. Duk wadda Toronto ta zura sai rabin filin ya tashi. 'Yan Bafalo ba su da abin ramuwa sai lamba ɗaya: 67. Rabon Leafs da kofi tun 1967, kafin a haifi Yaya. Su kuma su ce ko ba komai suna da 13 a ajiye. Haka manya masu furfura suka yi ta jifan juna, mai tsohon arziki da wanda bai taɓa yi ba.

A jirgin komawa Abba bai ce uffan ba. Yaya ya dafa shi ya ce, "Abba, ka dawo wajenmu mana. Gobe in saya maka shuɗiyar riga, ka huta da wahala."

Gaskiya a raina na so ya amsa. Wace uwa ke son ganin ɗanta yana kwanciya da ƙunci sau arba'in a shekara saboda wasu ƙatti da ba su san da shi ba? Na sha tunanin in hana kallon gaba ɗaya, musamman a Disambar 2024 da suka yi wasa 13 a jere babu nasara, yana zuwa makaranta ido a kumbure. Amma na kuma san abin da rigar ta yi masa. Yaro ne baƙi mai suna Abubakar, wanda uwarsa ke magana da wani harshe a bakin makaranta. Ranar da ya fara sa ta, direban bas ya tafa da shi. Mai gadin makaranta yana tsayar da shi su tattauna wa ya kamata a kora. Wata tsohuwa a layinmu da ta shekara biyu ba ta wuce ɗaga mana hannu ba, ita ta kawo masa hular ulu mai launin ƙungiyar da ta saƙa da kanta. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma mutanen nan sun ga yana ci babu miya.

Ya ɗago ya ce, "Kawu, ai ni ɗan Bafalo ne." Wani mutum da ke tsaye kusa da mu, da fenti a fuska, bai ji Hausa ba amma ya ji sunan garin, ya miƙo masa dunƙulallen hannu suka gwara.

Kakarmu ta ƙare a Afrilu, kamar kullum. Toronto ta wuce, ta fitar da Ottawa, Yaya yana turo mini hotuna a WhatsApp kowane dare ba tare da ko sallama ba. A watan Mayu suka kai wasa na bakwai da Florida, a gidansu, aka lallasa su 6 da 1, har magoya bayansu na jefa riguna cikin fili. Ina kicin ina haɗa abincin da zan tafi da shi aikin dare, Abba ya shigo da wayata a hannu.

"Umma, in kira Kawu?"

Na ce dare ya yi, kuma ba kyau a yi wa babba dariya. Ya ce shi ba dariya zai yi ba, jaje zai yi masa, tunda ya fi shi sanin yadda abin yake. Na miƙa hannu zan karɓi wayar, sai na ga har ya riga ya danna, ya kuma sa a lasifika.