Sukari da gadon sarautar Hawai

A 1890 majalisar Amurka ta ɗage harajin ɗanyen sukari ga kowace ƙasa. Turawan da ke da gonakin rake a Hawai, waɗanda suka daɗe suna morar wannan sassauci, sai kasuwa ta karye musu. Mafitar da suka hango ita ce tsibiran su koma ƙarƙashin Amurka. A Janairun 1893, sojojin ruwan Amurka na girke a Honolulu, suka tuɓe Sarauniya Liliuokalani. Shugaba Cleveland ya yi tir da abin, amma bai mayar mata da sarautarta ba. Tir ɗin fatar baki ne. 'Yan ƙasa fiye da 21,000 sun sa hannu a takardar ƙin amincewa. Duk da haka, a 1898, ana tsakiyar yaƙi da Sifaniya, majalisa ta haɗiye tsibiran.