Yaƙin Watalu Bisa Tebur

A wani ƙauye na ƙasar Ingila akwai wani tsoho wanda ya yi aikin koyarwa har ya gaji ya huta. A bayan gidansa yana da wani ɗaki wanda ba a kwana ciki, ba a kuwa ajiye kaya. Abin da ke ciki tebur ne guda, tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 6, an lulluɓe shi da koren bargo. Ƙarƙashin bargon ya tura tsofaffin littattafai don a sami tudu da kwari, bisansa kuwa ya kafa 'yan gidaje na kwali da 'yan itatuwa na soso. A nan ne tsohon nan ya ke ta da yaƙin da aka gama fiye da shekara 200 da suka wuce, watau Yaƙin Watalu.

Kada mai karatu ya zaci wasan yara ne. Tun cikin 1824 wani hafsan ƙasar Furusha, wadda yanzu ba ta, yawancinta na cikin Jamus da Polan, mai suna Reisswitz, ya tsara dokokin yin yaƙi bisa taswira, aka riƙa koya wa hafsoshi dabarun yaƙi da su. Cikin 1913 kuma marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya buga wani ɗan littafi na yadda manya za su kara da sojojin dalma a tsakar ɗaki. Daga nan abin ya yaɗu, har yau akwai ƙungiyoyin masu yinsa a ƙasashe da yawa.

Ga yadda a ke yi. Kowane soja ɗan gunki ne na dalma, tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba, an shafa masa fenti daidai da rigar rundunarsa. A dokar da tsohon ya ke bi, gunki guda yana madadin mutum 50. Ba a matsa soja sai da rula: dakaru su yi inci 6, mahaya inci 12, igwa kuwa in ta shiga taɓo da ƙyar ta yi inci 3. In za a yi harbi sai a jefa ɗan dutse mai fuska shida, irin na lido, lambar da ta fito ita ke nuna mutum nawa suka faɗi. Ba caca ba ce, don ba a sa ko anini. Dalilin dutsen shi ne, bindigar wancan zamani ta ɗuri ce, gwanin soja sau biyu ko uku ya ke harbawa cikin minti guda, in kuwa abokin gaba ya wuce yadi 100, samunsa sai sa'a. Duk rundunar da ta yi harbi, sai a ajiye mata auduga a gaba, madadin hayaƙin albarushi, ba ta kuma ganin abin da ke bayan audugar.

Shi yaƙin na ainihi an yi shi ran Lahadi, 18 ga Yuni, 1815, a ƙasar da a ke kira Beljiyam yanzu, kudu da birnin Burasal. Napoliyon, Sarkin Faransa, ya zo da mutum wajen 72,000. Welintan, sarkin yaƙin Ingila, ya ja daga bisa wani dogon tudu da mutum wajen 68,000, amma mutanen Birtaniya cikinsu kamar sulusi ne, sauran 'yan Holan ne da Beljiyam da Jamusawa. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi caɓi, saboda haka ba a fara ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Da la'asar mahayan Faransa suka yi ta kai sukuwa, dakarun Welintan suka tsaya murabba'i murabba'i, sun kafa wuƙaƙen bindiga ta kowace fuska, dawaki suka ƙi faɗa musu. Ana cikin haka sai ga rundunar Furusha ta ɓullo daga gabas, ƙarƙashin wani tsoho mai shekara 72, Blucher, wanda kwana biyu kafin nan aka harbe dokinsa ya faɗi ya danne shi. Kafin dare mutanensa wajen 50,000 sun shiga yaƙin, rundunar Faransa ta watse.

To, malamin nan ya yi shekaru yana fenti. Ya gama Faransawa 1,440, ya gama mutanen Welintan 1,360, musamman masu jajayen riguna, har maɓallansu ya ke zanawa. Amma na Furusha, waɗanda ya kamata su kai 1,000, suna cikin akwati ƙarƙashin tebur, ko buɗe shi bai yi ba. In an tambaye shi sai ya ce rigunansu ba su da kyaun gani, kuma ai sun zo ne an riga an ci yaƙi. Haka ya ji tun yana yaro, haka kuma ya koya wa yara shekara da shekaru.

Ran nan jikansa, ɗan shekara 14, ya zo hutu. Tsohon ya ba shi Faransa, shi ya riƙe Ingila, suka fara da safe. Yaron ya kai hari gidan gonar da ke dama, bai ci ba. Ya saki mahaya, suka komo a wahalce. Tsohon yana ta murmushi, don duk haka aka yi a tarihi. Can da yamma yaron ya ci gidan gonar tsakiya, wanda a ke kira La Haye Sainte, sa'an nan ya waiwaya ya ga yana da dakaru fiye da 200 tsaye a baya, ba abin da ya taɓa su. Ya tura su gaba ɗaya tsakiyar tudu, inda mutanen kakansa suka riga suka ragu. Aka jefa dutse, aka sake jefawa, dagar Welintan ta tsage biyu.

Tsohon ya ce sa'a ce. Kashegari suka sake, aka kuma cinye shi. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Yaro, akwai kuskure cikin dokokin nan."

Yaron ya ce, "Kaka, waɗannan da na ci ka da su, ina su ke ran da aka yi yaƙin na gaske?"

Tsohon ya buɗe baki zai amsa, sai ya yi shiru, don ya san amsar sarai. Ran yaƙin na gaske, mutanen nan fiye da 10,000 ba su sami zuwa tudu ba. Napoliyon ya tura su gabas su tare mutanen Furusha, suka yi ta artabu a wani ƙauye, Plancenoit, ana ƙwace shi ana maidowa har dare. Sa'ad da gidan gonar tsakiya ya faɗi, wajen ƙarfe shida, aka aiko wa Napoliyon neman dakaru a ƙarasa aiki, bai ba da su ba, don hankalinsa na gabas. Ashe waɗanda ke rufe cikin akwati su ne suka riƙe hannun da zai sare Welintan.

Daren nan tsohon bai yi barci sosai ba. Ya tuna labarin wani hafsan Ingila, William Siborne, wanda aka sa shi cikin 1830 ya gina siffar filin Watalu. Mutumin nan ya yi wata takwas a filin yana awo, ya aika wa hafsoshin da suka halarci yaƙin takardu, ya tara amsoshi wajen 700, ya gama aikin cikin 1838 da 'yan gumaka fiye da 70,000. Ya sa mutanen Furusha inda shaidu suka nuna masa. Welintan bai ji daɗin haka ba, gwamnati kuma ta janye hannunta daga biyan kuɗin, bashi ya hau Siborne. Daga baya ya kwashe da yawa daga cikin mutanen Furusha daga siffar, duk da haka bai sami abin da ya ke fata ba, ya rasu cikin 1849. Siffar tana nan a gidan tarihin soja na London. Tsohon ya ce a ransa, shi wancan talauci ne ya matsa shi, ni fa mene ne ya matsa ni?

Da gari ya waye ya jawo akwatin, ya kaɗe ƙura. Hannunsa ya fara rawa, idonsa ya rage, gunki shida ya ke iya gamawa a yini in ya matsa. Ya yi ta yi dukan lokacin sanyi, yana shafa shuɗi mai duhu da toka-toka, har ya cika 1,000.

Da hutu ya zagayo yaron ya komo, ya tarar da baƙin runduna jere a gefen gabas na tebur. Kakan ya ce ba za su shigo ba sai agogon wasa ya nuna ƙarfe huɗu da rabi, kamar yadda aka yi. Suka kara. Wannan karo yaron ya raba hankalinsa biyu, ya tura dakarunsa ƙauyen nan, tudu ya tsaya, Faransa ta karye da magariba.

Yaron ya ce, "Kaka, ka ci."

Tsohon ya ce, "A'a, mun ci dai, ni da waɗannan."

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda duk aka ba amanar labari, ko a takarda ko bisa tebur, wajibi ne ya tsai da kowa inda ya tsaya, ko da ba danginsa ba ne. Suka kwashe audugar, suka tattara waɗanda suka faɗi, kusan gunki 1,000 na ɓangarorin duka, kowane guda mutum 50 ne. Tsohon ya sa su cikin akwati ɗaya, bai ware jajayen riguna daga shuɗɗa ba.