Zango a Istanbul a Hanyar Umra

Da yawa daga cikin fatakenmu masu zirga-zirga zuwa Guangzhou ta Addis Ababa suna riƙe da katin zinariya na ShebaMiles, amma suna zaton darajarsa ta tsaya ga jirgin Habasha. Alhali tun 2011 kamfanin Ethiopian ya shiga ƙawancen Star Alliance, inda ya tarar da Turkish Airlines da EgyptAir, waɗanda suka shiga a 2008.

Mun ga amfanin haka a filin jirgin Istanbul, mai faɗin da ke gajiyar da tsofaffi. Katin ya buɗe mana ɗakin hutawar Turkish, inda muka ci abinci, muka yi sallah, muka kuma yi wankan harami a natse, domin jirgin Jidda yana ƙetare mikati ne a sararin sama.

Sai dai baƙo ɗaya tak ake yarje wa mai kati. Maigida mai tafiya da mahaifiya da uwargida sai ya yanke shawara tun daga gida. A ganinmu mahaifiya ce ta fi cancanta. A sa lambar katin a tikiti tun wajen saye. Saudia kuwa tana cikin SkyTeam, katin ba ya aiki a can.