Labarin Da Ke Motsi A Ƙarƙashin Yatsa

Ranar 20 ga watan Disamba, 2012, jaridar New York Times ta Amurka ta fitar da wani dogon labari a intanet mai suna Snow Fall, wanda wakilinta John Branch ya rubuta. Labari ne na mutum 16 da suka hau wani dutse a Jihar Washington domin wasan zamiya a kan ƙanƙara, cikin watan Fabrairu na wannan shekara, sai dusar ƙanƙara ta zaftaro, uku daga cikinsu suka rasu. Abin da ya sa masu aikin jarida suka bar bakinsu buɗe kuwa shi ne yadda aka shimfiɗa labarin. Da zarar mai karatu ya ja shafin sama, sai dutsen ya bayyana, sa'an nan taswira ta riƙa nuna masa hanyar da mutanen suka bi, daidai da inda idonsa ya kai a cikin rubutun. A shekarar 2013 labarin ya ci lambar yabo ta Pulitzer.

To, rubutu mai motsi ba sabon abu ba ne. Tun a 1995 kamfanin Microsoft ya sa wani ɗan umarni a cikin Internet Explorer wanda ke sa layin rubutu ya riƙa gudu daga dama zuwa hagu, kamar sanarwar da ke wucewa a gindin akwatin talabijin. An yi yayinsa ƙwarai, har ya gundiri jama'a, domin kuwa mai karatu ne ke bin kalmomi da gudu, in ya ƙifta ido sai ya jira su zagayo. A sabon salon linzami yana hannun mai karatu, watau in ya ja labari ya tafi, in ya tsaya ya tsaya, in bai gane ba ya koma baya.

Yadda ake yinsa ba wani sihiri ba ne. Akan kafe hoto ko taswira a wuri guda, rubutu yana wucewa ta kansa. Wasu 'yan umarni da aka rubuta da harshen kwamfuta na JavaScript su ne ke gadin shafin, suna lura da sakin layin da ya shigo fuskar waya, kana su sauya hoton ya dace da shi. Inda abin yake da amfani na haƙiƙa shi ne labarin da ke da wuri da lokaci, kamar yadda ambaliya ta ci gari unguwa bayan unguwa, ko yadda ruwan Tafkin Chadi ya ja baya tun daga shekarun 1960. A nan taswira mai motsi takan bayyana abin da sakin layi goma ba zai iya ba.

Amma fa zanen aro ba ya rufe katara. Snow Fall ya ci wajen wata shida ana aikinsa, da masu zane da masu ɗaukar hoto da masu sarrafa kwamfuta. Waɗanda suka kwaikwaye shi da yawa motsin kawai suka gani. Sai ka tarar da labarin taron ƙaddamar da littafi, wanda bai fi layi ashirin ba, an ɗora masa hotuna masu shawagi da kanun labari mai tsalle, alhali babu abin da suka ƙara wa mai karatu sai jira.

Shi kuwa mai karatu, a ce ɗan kasuwa ne a Agege ko a Sabo ta Ibadan, ba a gaban babbar kwamfutar ofishin edita yake ba. 'Yar wayarsa ce a hannunsa, da datar da ya saya da guminsa, ga layin sadarwa yana zuwa yana ɗaukewa. Kowane bidiyo da ya kunna kansa, daga aljihunsa aka biya. Sau da yawa farin allo zai yi ta kallo har ya gaji ya rufe, bai san ko mutum nawa ambaliyar ta ci ba. Akwai kuma waɗanda motsin allo ke sa su jiri, da makafi masu sauraron shafi ta na'urar da ke karanta musu. Saboda irinsu ne ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idodin shafukan intanet, ta shar'anta a 2008 cewa rubutun da ya fara motsi da kansa, ya wuce daƙiƙa biyar, lalle a ba mai karatu hanyar tsayar da shi.

Sauran magana ita ce ta ajiya, wadda editoci ba su cika tunawa da ita ba sai aiki ya ɓaci. Shekaru da dama jaridun duniya sun gina taswirorinsu masu motsi da Flash na kamfanin Adobe. Ranar 31 ga Disamba, 2020, kamfanin ya daina kula da shi, manhajojin buɗe shafuka suka yi watsi da shi, sai ga ayyuka masu yawa na zaɓe da yaƙi da bala'i sun zama akwatin da babu kome a ciki. Kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo na 1939, muddin gara ba ta ci shi ba, ana iya buɗe shi a karanta yau. Don haka gidan jaridar da ya san abin da yake yi yakan fara ajiye labarin a rubuce zalla, da hotunansa a tsaye, ta yadda zai buɗe a kowace irin waya, kafin a kira mai zane ya ɗora masa motsi.