Mashayar kan kwana a unguwannin Landan

Duk wanda ya zauna a Landan, ko da na wata guda ne, zai lura da wuya ya yi tafiyar minti goma a ƙasa cikin tsohuwar unguwa bai ci karo da mashaya ba. Galibi a kan kwana take, inda layi biyu suka haɗu. Gini ne na jan bulo, an lulluɓe ƙasansa da tayil kore ko ruwan ƙasa, gilashin tagoginsa mai hazo ne, mai wucewa ya ga haske da giccin mutane amma ba ya gane fuskar kowa. Daga sama kwandunan furanni na reto, kusa da su allo mai zanen jan zaki, ko kambun sarauta, ko kan wani sarki da ya daɗe da mutuwa. Allon nan yana da asali. A 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su rataya alama a ƙofa domin jami'an da ke duba ingancin abin sha su gane gidan, kuma da yake mafi yawan jama'a ba su iya karatu ba a wancan zamani, sai aka riƙa yin zane. Har yau Red Lion, wato Jan Zaki, ne sunan mashaya da ya fi yawa a Birtaniya.

Ni ba na shan giya, addinina ya hana, kuma ban rubuta wannan don in kwaɗaitar da kowa ba. Zaman tare ne ya shigar da ni waɗannan wurare, domin a Ingila idan abokin aiki zai yi ritaya, ko maƙwabci ya rasu an dawo daga binne shi, a mashaya ake taruwa. Abin da ya fara ɗaure mini kai lissafi ne. Kofin giyar da ake saya sama da fam 6 a mashayu da yawa na Landan, kantin da ke maƙwabtaka yana sayar da gwangwaninta ƙasa da rabin kuɗin. Duk da haka mutum zai baro ɗakinsa mai ɗumi, ya ratsa yayyafi, ya zo ya biya ninki. Da giyar kaɗai yake so, da ya sha a gida.

Da ka tura ƙofa, ƙamshin soyayyen dankali da warin tsohuwar giya da ta jiƙa kafet ne za su tarbe ka tare. Hasken wurin bai cika ba, bangon katako ne da hayaƙin shekaru ya dafa, ko da yake tun ranar 1 ga Yulin 2007 aka hana shan taba a cikin irin waɗannan gine-gine a Ingila, shi ya sa za ka ga masu shan taba tsaye a bakin ƙofa cikin sanyi, kofi a hannu. Baƙo kan nemi teburi ya zauna yana jiran a zo a tambaye shi abin da yake so, to zai daɗe yana jira. Ƙa'idar ita ce ka je kanta da ƙafarka, ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take, ka ɗauko da hannunka. Turawan Ingila da aka sani da son bin layi, a nan ba sa yin layi. Kowa ya jingina inda ya samu wuri, amma mai kantar ta san wanda ya riga wani, su ma sun sani. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Idan ta juyo wajenka alhali wani ya riga ka, sai ka nuna shi da kai ka ce shi ne farko. Wanda ya ɗaga kuɗi sama ko ya ƙwanƙwasa kanta don a kula shi, ya ja wa kansa ƙarin jira.

A kan kantar akwai dogayen mariƙai a jere, kowanne da tambarinsa. Famfo ne na hannu, mai kanta tana janyo shi sau uku ko huɗu, giyar ta hau daga ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa. Wannan ita ce giyar ganga da 'yan Ingila ke alfahari da ita. Ba a tace ta ba, ba a kashe yis ɗin cikinta da zafi ba, saboda haka tana ci gaba da nuna a cikin gangar har bayan an kawo ta. Ana ajiye ta a sanyin da bai wuce digiri 11 zuwa 13 ba, abin da ke sa baƙi daga Amurka ko Jamus su yi ƙorafin cewa ba ta da sanyi. Da zarar an buɗe ganga, kwana uku take da shi kafin ta fara tsami, don haka mashayar da ba ta da jama'a ba ta iya riƙe ta. Masu sha sukan auna mai gida da yadda yake kula da ɗakin ƙasansa da wanke bututunsa. A 1971, lokacin da manyan kamfanoni suka so maye gurbinta da giyar da aka cika wa iskar gas mai daɗewa ba ta lalace ba, wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare ta, kuma ƙungiyar na nan har yau. A yammacin Landan sunan da aka fi gani a mariƙin shi ne London Pride mai tambarin Fuller's, wanda ake dafawa a Chiswick, bakin kogin Thames. Baƙar giyar Guinness kuwa, wadda aka faro a Dublin a 1759, sau biyu ake zuba ta: a cika kofi ya kusa baki, a ajiye ta kwanta, sannan a ƙarasa. Mai saye yana tsaye yana kallo kusan minti biyu, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi gaggawa ba. Ma'aunin kofin doka ce ta tsayar da shi, mililita 568, ko rabinsa.

Idan abokai suka zo tare, ba kowa ke sayen nasa ba. Ɗaya zai miƙe ya tambayi kowa abin da zai sha, ya biya duka, in kofuna suka yi ƙasa na biyu ya miƙe. Ba a rubuta komai, amma an san wanda ya saba sulalewa kafin layi ya zo kansa, kuma sunan nan ba ya gogewa da wuri. Wanda ke shan lemo ko ruwan soda da lemun tsami yana cikin zagayen kamar kowa, ana saya masa, shi ma ana sa ran zai saya. A nan ne Musulmi da yawa ke tsayawa, domin sayen giya ga wani ma haramun ne, kuma na ga abokan aiki suna fahimtar hakan idan aka faɗa musu tun farko. Al'adar tana da illa a fili: mutum biyar na nufin kofi biyar, ko da mutum ya so tsayawa a biyu. Gwamnatin Birtaniya ta gane haka tun 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, har ta haramta wa mutum saya wa wani giya a yankuna da dama, don ma'aikatan masana'antar makamai su riƙa zuwa aiki cikin hayyacinsu.

Abinci ya daɗe bai da muhimmanci a mashaya. Ledar soyayyen dankali ce, sai gyaɗa mai gishiri, sai soyayyar fatar alade. Har yanzu akwai wata ɗabi'a da nake so: wanda ya sayo ledar dankali ba ya cin abinsa shi kaɗai, yakan yaga ledar ya shimfiɗa ta tsakiyar teburi, kowa ya sa hannu. Abin ya sauya bayan 1991, lokacin da mashayar The Eagle da ke Farringdon ta kafa kicin a fili ta fara girki na gaske, saura suka bi sahu. Yau a allon da aka rubuta da alli za ka ga kifi da aka tsoma a ƙullun fulawa aka soya, da dankali da dakakken koren wake. Ranar Lahadi kuwa ta gasasshen nama ce, da dankalin da aka gasa a mai, da karas, da wani kumburarren abin fulawa da ƙwai da ake kira Yorkshire pudding, a kwarara romo a kai. Ranar ce za ka ga kaka da jikoki da keken jarirai, kare na kwance a ƙarƙashin teburi. A Churchill Arms da ke Kensington abincin Tailan ake dafawa a bayan gida, a Southall da garuruwan da ke kewayen Birmingham kuma akwai mashayun 'yan asalin Punjab inda ake gasa kaza da rago da yaji a kan gawayi. Mai kiyaye halal ya yi tambaya kafin ya ci, domin sau da yawa da giya ake kwaɓa ƙullun kifin, romon ma akan sa masa ruwan inabi mai bugarwa, naman kuma ba yankan Musulmi ba ne. Ruwan famfo kyauta ne, doka ta wajabta a bayar ga duk wanda ya nema.

Waɗannan mashayun 'yan Punjab suna da tarihin da bai kamata a manta ba. Akwai lokacin da baƙar fata ko ɗan Asiya ba ya samun kujera a wasu ɗakunan mashayar Ingila. A Fabrairun 1965, kwana tara kafin a kashe shi a New York, Malcolm X, jagoran fafutukar baƙaƙen fatar Amurka, ya ziyarci Smethwick da ke kusa da Birmingham, inda ɗan gwagwarmaya Avtar Singh Jouhl ya kai shi mashayar Blue Gates don ya ga wariyar da idonsa. A shekarar ne majalisa ta yi dokar da ta haramta nuna bambancin launin fata a wuraren taruwar jama'a. Ƙofar da ake gani a buɗe yau, sai da wasu suka sha wulaƙanci kafin ta buɗu.

Mashaya tana sauya fuska da sa'o'in rana. Da misalin ƙarfe uku, tsofaffi ne, kowa da kujerarsa da jaridarsa. Dattijo zai shigo yana kakkaɓe laima, kafin ya iso kanta an riga an ɗauko kofi. "Na kullum?" Ya gyaɗa kai. Mai kanta ta tambaye shi ƙafarsa, ya ce da sauƙi, ya yi ƙorafin ruwan sama, ya koma kusurwarsa ya yi awa biyu da kofi ɗaya. Wataƙila wannan ce kaɗai maganar da wani ya yi masa a ranar. Idan ya yi kwana biyu bai zo ba, za a tambaya, wani lokaci har a tura yaro ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ƙarfe biyar zuwa shida ma'aikata ke cika wurin, hayaniya ta tashi. Wani dare na gasar kacici-kacici ne, teburi da teburi, an kife wayoyi. Wani daren na jifan allo da 'yan kibau ne, ana ragewa daga 501 zuwa sifili. Ranar wasan ƙwallo kuwa ba a jin maganar kowa. Kusan ƙarfe sha ɗaya sai a kaɗa ƙararrawa, alamar sayen ƙarshe. Tun 2005 doka ta ba da damar neman lasisin wuce wannan lokaci, amma mashayun unguwa da yawa suna nan a kan tsohon lokacinsu, saboda maƙwabta na son barci, mai gidan ma sau da yawa a saman benen yake kwana.

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba, domin ita ma ina ganinta. A kusurwar da dattijon nan ke zama akwai wani wanda hannunsa ke rawa tun kafin azahar, wanda albashinsa ke ƙarewa a kanta, iyalinsa na gida suna jira. Doka ta hana a sayar wa wanda ya riga ya bugu, amma ba kullum ake bi ba. A 2022 sama da mutum 10,000 ne suka mutu a Birtaniya da cututtukan da giya ce ta haddasa su kai tsaye. Duk wanda zai yabi ɗumin mashaya ya sa wannan adadi a lissafinsa.

Mashayun ma suna raguwa. A shekara ta 2000 sun kai kimanin 60,000 a Birtaniya, yanzu sun gaza 50,000. Tsadar haya da haraji da wuta, da arahar kanti, da matasan da ba su damu da sha ba, da kullen korona na 2020, duk sun taru a kansu, kuma a Landan mai gini ya fi samun kuɗi idan ya mayar da wurin gidajen haya. Yadda mutanen unguwa ke tashi tsaye a kan wannan shi ya tabbatar mini da abin da wurin yake a wajensu. A 2012 aka rufe Ivy House da ke Nunhead, kusa da Peckham, za a mayar da ita gidaje. Mazauna unguwar suka yi amfani da wata doka ta 2011 da ke ba al'umma damar hana sayar da wuri mai amfani a gare su sai an ba su lokacin tara kuɗi, suka nemo bashi da tallafi, suka saye ta a kan fam 810,000, ɗaruruwan mutane suka sayi hannun jari, aka sake buɗe ta a 2013 a matsayin mallakarsu. A 2015 kuma wani kamfani ya rushe Carlton Tavern da ke Maida Vale ba tare da izini ba, ƙaramar hukumar Westminster ta tilasta masa ya sake gina ta yadda take, aka buɗe a 2021. Wannan a ƙasar da a 2018 gwamnati ta naɗa minista musamman don matsalar kaɗaici.

Abin da Bature ke biya ninki don ya samu, mu muna samunsa a bencin mai shayi a kan kuɗin kofi ɗaya da rabin burodi, ba tare da an bugu ba: wurin da aka san sunanka, aka san yawan sukarin da kake so, aka kuma lura ranar da ba ka zo ba. Wanda ya zo Ingila karatu ko aiki, idan aka gayyace shi mashaya, ya sani ba lallai gayyatar sha ake yi masa ba, ana so ne a saba da shi. Yana da ikon ya je ya sha lemo, yana da ikon ya ƙi saboda addininsa. Amma in ya ƙi, ya bayyana dalilinsa cikin mutunci, sannan ya gayyaci mutumin shan shayi ko cin tuwo a gidansa, domin zumunta a ƙafa take, kuma maƙwabcin nan yana buƙatarta kamar yadda shi ma yake buƙata.