Akwatin Gidan Alhaji

Ina yaro a cikin birnin Kano, a farkon shekarun 1980, gida ɗaya ne tak a layinmu yake da talabijin, gidan wani Alhaji ɗan kasuwar Kwari. Baƙi-da-fari ce, tana zaune cikin akwatin katako mai ƙofa da ake ja a rufe. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma, don haka wuni muke yi muna ɗokin dare.

Ana idar da sallar isha za mu ci tuwo a gurguje, mu ruga. Hajiyar gidan ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida tana cewa, "Yarana, wanda bai wanke ƙafa ba kada ya hau mini tabarma." Ƙanana a gaba, manya a baya, matan aure daga bakin ɗaki. In hoto ya fara yayyafi, sai yayanmu ya hau katanga yana juya eriya, mu kuma muna ihu daga ƙasa: "Ya yi! A'a, ya koma!" In aka ɗauke wuta kuwa, ba mai motsawa, sai an kore mu.

Da NTA muka fara. Sai Gwamna Abubakar Rimi ya kafa wa jihar Kano tashar kanta, CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV don tunawa da shi. Ran da ake wasan kwaikwayo, ko mai tsiren bakin titi ya san layi zai yi tsit. Samanja Mazan Fama daga Kaduna, da kakinsa da Hausarsa ta bariki. Karkuzu daga Jos. Ƙasimu Yero a Karambana. Ga namu na gida, Kuliya da Hankaka. Washegari a makaranta kowa ya zama Samanja, muna ƙamewa muna sara wa juna. Silima irin su Plaza da Orion da El-Dorado iyayenmu ba sa barin mu ko kusa da ƙofarsu, amma finafinan Indiya sun biyo mu har tsakar gida ta wannan akwati.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan harkar fim ta kankama har ta zama Kannywood. Gidaje suka cika da talabijin, tabarmar Hajiya ta rasa masu zama.

Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya bi shi a 2023. Allah ya jiƙansu da rahama. Su ne suka share fagen da 'yan fim ke taka rawa a kai yau. Ina roƙon tashoshinmu da jami'o'inmu su tattara tsofaffin kaset-kaset, su zauna da dattawan da suka rage a naɗi labarinsu tun suna raye, domin jikokinmu su san daga inda aka faro.