Boris da Roba: Maganar Ƙafar Mota

Mu mutanen Hashimi ba baƙin boris ba ne. Da shi muka haɗa motar katako muna yara, a kansa kuma amalankenmu ke kai kaya Kasuwar IBB kullum. To yanzu ga samarinmu sun ci gaba: injin babur, bututun ƙarfe, mai walda, sai ga 'yar mota mai shiga lungu da hanyar gona. Muna sa musu albarka. Amma kuɗin yakan ƙare a fenti da fitilu, in an zo kan boris ɗin ƙafa sai a ce a kawo na araha. Alhali duk nauyin buhu da na yaran da za su ɗare baya a kansa yake.

A fara auna sandar da taya ke juyawa a kai, kada a yi kirdado. Mai lamba 6204 raminsa milimita 20 ne, 6205 kuwa 25. Sannan a dubi haruffan bayan lambar. ZZ murfin ƙarfe ne, yana rage ƙura amma ruwa na shiga. 2RS roba ce ta gefe biyu, ita ta dace da jar ƙasarmu da taɓon Agusta.

In motar za ta sha kwana da kaya, gara irin 30205, mai siffar mazurari, wanda ake sa biyu suna fuskantar juna, don ya fi jure turi daga gefe. Shi ba ya zuwa da murfi, sai an saya masa roba daban. Leɓen robar ya dubi wajen giris, kuma wadda aka cire ba a mayar da ita. A ɗaure noti, a ɗan sassauta, a sa fil. Da yashi ya samu ƙofa, giris ya zama gugar ƙarfe, ƙafa ta ɗau zafi ta cije a gangara.

Mu masu shago kuma mu ji tsoron Allah. Sunan SKF ko Koyo a kwali ba hujja ba ce, jabu sun cika gari. In ɗan gwanjo ne, mu faɗa wa yaro ɗan gwanjo ne, ribar da ta karya ƙafar ɗan maƙwabci ba riba ba ce. A ɗaure raƙumi tukuna, sannan a yi tawakkali.

Allah Ya tsare mana su, Ya sa albarka a sana'ar hannunsu.